Tambaya da Amsa: Idan Zanen Cike da Ka Rubuta da Hannunka Ya Ƙi Aiki a AutoCAD

Tambayoyin wannan fitowar duk wuri ɗaya suka dosa, wato zanen cike, layukan nan da umarnin HATCH na AutoCAD, manhajar zanen gine-gine a kwamfuta, ke shimfiɗawa a cikin rufaffen fili don a nuna bulo, kankare, tayil, katako ko ƙasa. Waɗanda suka zo tare da manhajar ba su cika ba da wahala ba. Rigimar takan tashi ne ranar da mutum ya buɗe Notepad ya rubuta nasa a fayil mai ƙarewa da .pat.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta zanen cike na farko, na adana shi da sunan tayil.pat, amma da na buɗe jerin zane-zanen ban gan shi ba. Da na buga sunansa da hannu sai manhajar ta ce "Error in pattern file". Na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, ban ga kuskure ba. Daga wani ɗalibin zanen gine-gine.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai yiwuwa lambobinka lafiyarsu ƙalau, domin galibin irin wannan ƙorafi daga jikin fayil ɗin yake fitowa. Fara da abin da ido ba ya gani: je ƙarshen sadara ta ƙarshe ka danna Enter, sannan ka adana. AutoCAD na bukatar wannan sadarar da babu komai a cikinta kafin ta yarda cewa bayanin ya kammala, kuma rashinta kaɗai ya isa ya haifar da saƙon da ka gani.

Daga nan ka dubi sadara ta farko. Da alamar tauraro take farawa, suna ya biyo baya manne da ita, sai waƙafi, sai ɗan bayani idan kana so:

*TAYIL, tayil mai murabba'i

Idan zanen yana zaune a fayil nasa na kansa, wajibi ne sunan da ke bayan tauraron ya zama daidai da sunan fayil ɗin. TAYIL a ciki, tayil.pat a waje. In ka sa zane uku a fayil ɗaya irin wannan, wanda sunansa ya yi daidai da na fayil ɗin kaɗai za a karanta. Sunan kada ya wuce haruffa 31, kada a bar fili a tsakiyarsa, kuma muna ba da shawarar a guji ƙ, ɗ da ɓ a cikinsa, a tsaya kan haruffan da kowace kwamfuta ke karantawa iri ɗaya.

Akwai kuma tarkon Notepad. Sau da yawa yakan liƙa .txt a ƙarshen suna, Windows kuma ta ɓoye shi, sai ka riƙa ganin tayil.pat alhali ainihin sunan tayil.pat.txt ne. Kunna nuna ƙarshen sunayen fayiloli ka tabbatar. Wajen adanawa ka zaɓi All Files, tsarin haruffa kuma ANSI. Kada ka rubuta fayil ɗin a Word ko kaɗan. Idan kuma daga intanet ko PDF ka kwafo lambobin, goge kowace alamar ɗebewa ka sake bugawa da hannunka, domin sau da yawa dogon zarce ne ke shigowa a madadinta, a ido kamarsu ɗaya, manhajar kuwa ba ta ɗauke shi lamba ba. Haka nan ɗigo ake sawa a gutsuren lamba, 0.5, ba 0,5 ba. Waƙafi aikinsa raba lambobi ne, in ka sa shi a wurin ɗigo ka mayar da lamba ɗaya biyu, duk na bayanta sun goce daga mazauninsu. Kowace sadara kuma tana bukatar aƙalla lambobi biyar. In ɗaya ta ɓace, saƙon yakan faɗi lambar sadarar da ke da giɓin.

Batun rashin ganinsa a jeri kuwa, manhajar ba ta san inda ka ajiye shi ba ne. Buga OPTIONS, shiga Files, buɗe Support File Search Path, ka ƙara foldar da fayil ɗin yake. Zai fito a ɓangaren Custom. Za ka iya liƙa zanen a ƙarshen acad.pat ko acadiso.pat, manyan fayilolin zanen cike da suka zo tare da manhajar, inda aka ware wa zane-zanen mai amfani wuri, amma a ganinmu folda taka ta kanka ta fi aminci. Kuskure ɗaya a babban fayil kan shafi sauran zane-zanen, kuma ranar da ka sake saka manhajar aikinka na iya tafiya.

Tambaya: Ina son bulo mai tsawon milimita 400 da tsayi 200, kowane sahu ya goce wa na ƙarƙashinsa da rabin bulo. Ga abin da na rubuta:

*BULO, bulo 400 x 200
0, 0,0, 0,200
90, 0,0, 0,400, 200,-200

Layukan kwance sun fito daidai. Na tsaye kuwa suna fitowa a sahu ɗaya, sahun da ke bi masa babu ko ɗaya. Ina na kauce? Daga wata mai zanen gidaje.

Amsa: Malama, saura ƙiris ki isa, kuma tambayarki ta taɓo jijiyar al'amarin gaba ɗaya, don haka za mu ɗan zauna a kanta. Sadara ɗaya a fayil ɗin PAT umarni ce ta haifar da dangin layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, marasa farko marasa ƙarshe, kamar kunyoyin gonar da ba ta da iyaka. Filin da kika zaɓa taga ce kawai da ake hango wani yanki nasu ta cikinta. Lamba ta farko kusurwar da layukan ke fuskanta ce. Ta biyu da ta uku su ne wurin da layin farko ya ratsa. Ta huɗu ita ce yadda kowane layi ke zamewa gaba idan aka kwatanta shi da wanda ya gabace shi. Ta biyar tazarar da ke tsakanin layi da layi. Abin da ya biyo baya tsarin ja da tsallake ne: lamba mara alama ja ce, mai alamar ɗebewa giɓi ce, sifiri kuma ɗigo. Har guda shida ake iya jerawa a sadara ɗaya.

Inda mutane da yawa ke faɗawa shi ne ɗaukar lamba ta huɗu da ta biyar a matsayin dama da sama na allo. Da fuskar layin kansa ake auna su. Ta huɗu tana bin tsawon layin, ta biyar tana gitta shi. Saboda haka a layi mai kusurwa 90, ta huɗu sama take tafiya, ta biyar kuma gefe, ɓangaren hagu idan babu alamar ɗebewa. Lamba ta biyu da ta uku ne kaɗai ake aunawa da kwance da tsaye na zanen.

Yanzu ki karanta sadararki da wannan idon. Kin ce a ja 200, a tsallake 200, a maimaita wannan layin kowane 400 ba tare da zamewa ba. Ke nan duk jan ya faɗa a sahu na ɗaya, na uku, na biyar, duk giɓin kuma a sahu na biyu da na huɗu. Abin da kika nema ne aka ba ki. Gyaran hanya biyu ne. Ko ki ƙara dangi na uku da zai cike sahun da aka tsallake:

90, 200,200, 0,400, 200,-200

ko kuma ki maye gurbin sadarar tsayen da wannan guda ɗaya:

90, 0,0, 200,200, 200,-200

A ta biyun layukan na zuwa kowane 200, kowanne kuma ya zame sama da 200, don haka inda na farko ya ja, na biyu ya tsallake, na uku ya koma daidai da na farko. A kowane sahu tazarar mahaɗa ta zama 400. Mun fi son wannan don ta fi gajarta kuma ta fi sauƙin gyara daga baya. Ki lura da kuskuren da kan biyo bayan wannan gyaran: in kika bar 400 a lamba ta biyar tare da zamewar 200, bulon zai fito da tsawon 800. Lamba ta biyar kuma ba ta zama sifiri, domin layukan duk za su hau kan juna wuri ɗaya.

Wani abu da zai taso ranar da kika so nuna kaurin siminti. Idan kin mayar da tazarar sahu 210, wato bulo 200 da siminti 10, to ja da giɓi na layin tsaye dole jimlarsu ta zama 420, zamewar kuma 210. In kika bar 200 da -200, kowane sahu biyu za a samu giɓin milimita 20, kusa da mafari, wato 0,0, ba za ki lura ba, amma kafin a kai saman bango mahaɗan sun bar sahunsu sun ratsa tsakiyar bulo.

Hanyar gano mai laifi a zane mai sadara da yawa kuwa mai sauƙi ce. Duk abin da ke bayan waƙafi mai ruwa manhajar ba ta karanta shi. Sa wannan alamar a farkon duk sadarorin ban da ɗaya, ki gwada a murabba'in da kusurwarsa ke kan 0,0, sikeli 1, juyi 0, sannan ki riƙa buɗe su ɗai-ɗai. Kowane gwaji ki goge tsohon ciken ki yi sabo, domin wanda ke cikin zanen yana riƙe da tsohon bayani.

Tambaya: Na sauko da wani zanen dutse, amma idan na sa shi sai filin ya zama baƙi ƙirin kamar an shafa fenti, wani lokaci kuma manhajar ta ce ya yi yawa ta ƙi yi. An ce in ƙara HPMAXLINES. In ƙara? Daga wani magini mai koyon zane a kwamfuta.

Amsa: Malam, kada ka fara da nan. HPMAXLINES iyaka ce da aka sa don kare kwamfutarka, tana zuwa a kan layi 1,000,000, ana iya kai ta 10,000,000. A tsofaffin fitowar manhajar MaxHatch ne ke wannan aikin, yana farawa daga 10,000. Idan ɗaki guda ya nemi layukan da suka haura miliyan, ma'auni ne ya saɓa, ɗaga iyakar kuwa zai bar ka da fayil mai nauyi da ke sandarewa duk lokacin da ka motsa shi.

Lambobin fayil ɗin PAT ba su san inci ko milimita ba, ma'aunin zanenka suke ɗauka. Dubi ANSI31, layukan gicciye da kowa ya sani: a acad.pat tazararsu 0.125 ce, a acadiso.pat kuma 3.175, wato an ninka da 25.4. Idan wanda ya rubuta zanen dutsenka da inci ya yi tunani, kai kuma kana aiki da milimita, tazarar 0.125 a faɗin 5,000 layi 40,000 ke nan daga dangi ɗaya tak, zanen dutse kuwa kan ƙunshi dangi da dama. Sa sikeli 25.4 ka gani. In har ya yi daidai kuma za ka riƙa amfani da shi kullum, ninka duk lambobin da 25.4 ban da kusurwa, ka adana da sabon suna.

Saitin MEASUREMENT na manhajar ba zai taimake ka a nan ba. Aikinsa zaɓen babban fayil ne kawai, 0 na inci, 1 na milimita. Ba ya taɓa lambobin fayil ɗin da ka kawo daga waje.

Akasin matsalarka ma na faruwa. Zanen da aka rubuta da milimita, aka sa shi a aikin da ake yi da mita, filin zai fito fayau, domin tayil na 600 ya zama mita 600, ɗakin duka ya faɗa tsakanin layi biyu. Sikelin da ya dace 0.001 ne. In sikeli daidai yake amma babu cike ko ɗaya da ke bayyana a duk zanen, duba saitin FILLMODE, mayar da shi 1, ka buga REGEN don manhajar ta sabunta zanen a allo.

Tambaya: Zanena yana fitowa tsaf a sabon fayil. Da na kai shi taswirar fili mai lambobin safiyo sai ya wargaje: kusurwoyi ba sa haɗuwa, gajerun layukan gicciye sun watse. Fayil ɗin PAT ɗaya ne, ban canza komai ba. Daga wani ma'aikacin safiyo.

Amsa: Gaskiya ne ba ka canza komai ba, Malam. Kuskuren yana nan tun farko, nisa ne ya tona shi. Manhajar tana lissafa kowane dangin layi ne tun daga mafarin ciken, wanda in ba a ce komai ba yana kan 0,0. A sabon fayil kana zane kusa da mafarin. A taswirar safiyo kuwa filin na iya kasancewa ɗaruruwan kilomita daga can, kuma ɗan abin da ka yanke daga ƙarshen lamba yana taruwa a kowane maimaici.

Ga lissafin. A ce kana da tayil mai gefe 100, da ɗan layi mai kusurwa 45 a cikin kowanne. Layin gicciye yana sake faɗawa kan kusurwar tayil ne bayan 141.42135624. In ka rubuta ja da giɓi da jimlarsu ta zama 141.42, ka rage kusan 0.00136 a kowane maimaici. A tafiyar kilomita 1, wato milimita 1,000,000, akwai maimaici kusan 7,071, gocewar ta kai kimanin milimita 9.6. A kilomita 10 ta kusa cinye faɗin tayil guda. Layukan kwance da na tsaye kuwa suna nan daram tunda lambobinsu cikakku ne, shi ya sa kake ganin na gicciyen kaɗai sun bar gida. Sadarar da ta dace ita ce:

45, 0,0, 70.71067812,70.71067812, 50,-91.42135624

Yanke kusurwa ya fi wannan ɓarna. Layin da ke tafiya biyu gaba ɗaya sama kusurwarsa 26.56505118 ce. In ka rubuta 26.57, a kilomita 1 layin ya kauce gefe da kusan milimita 86. Ga tayil mai gefe 100, wannan layin yana maimaituwa kowane 223.60679775, zamewarsa 134.16407865, tazararsa 44.72135955. Ka riƙa ba da lamba takwas bayan ɗigo. Sai dai ka tuna sadara ba ta wuce haruffa 80, in ta matse ka cire filayen da ke bayan waƙafi.

Akwai kuma kusurwoyin da ba za su taɓa daidaita da tayil mai murabba'i ba komai yawan lambobin da ka ba su. Kusurwa 30 da 60 na cikinsu. Layi na komawa kan mahaɗar tayil ne kawai idan gangarensa rabon cikakkun lambobi biyu ne, kamar 1 da 1, 1 da 2, 2 da 3. Su 30 da 60 wurinsu zane mai kusurwa uku ne ko mai kusurwa shida.

Maganin gaggawa kuwa, ko da ba ka taɓa fayil ɗin ba: zaɓi ciken, danna Set Origin, ka nuna kusurwar filin da kake cikewa. Don cike na gaba ka saita HPORIGIN. Da zarar mafari ya dawo kusa, maimaicin ya ragu, zanen ya haɗe. A tsofaffin fitowar SNAPBASE ake matsarwa kafin a yi ciken. Ko ba a taswira ba, saita mafari ɗabi'a ce mai kyau, domin ita ke sa tayil ya fara da cikakke daga kusurwar ɗaki maimakon gutsure.

Tambaya: Ana iya sa da'ira ko layi mai kauri a fayil ɗin PAT? Ina son zanen ganye. Daga wata mai tsara lambuna.

Amsa: Kai tsaye dai ba a iyawa, Malama. AutoCAD ta fito tun 1982, zamanin da injin zane ke riƙe alƙalami yana saukewa yana ɗagawa, tsarin PAT kuma har yau da wannan tunanin yake tafiya: miƙaƙƙen layi, ja, giɓi, ɗigo. Babu lanƙwasa, babu kauri, babu launi a cikinsa. Duk da'irar da kika gani a zanen cike gajerun miƙaƙƙun layuka ne aka jera, kowanne da sadararsa, kowanne kuma da kusurwar da dole ta cika sharaɗin da muka yi wa mai tambayar da ta gabata bayani. Da'ira mai gefe 16 tana iya cin sadara 16. Ana yin kauri na dabara ta hanyar jera layi biyu ko uku kusa da juna, amma yana ninka nauyin zanen.

Ga ganye ko tambarin kamfani, SUPERHATCH da ke cikin Express Tools ya fi dacewa. Ki zana ganyen, ki mayar da shi bulok, wato ki haɗe layukansa su zama abu guda mai suna, umarnin ya jera shi a cikin filin. Illarsa ita ce abin da ya fito ba ya bin iyaka idan kin canza ta, sai kin goge kin sake.

Tambaya: Na tura wa abokin aikina zane, yana ganin ciken amma ya kasa canza sikelinsa. Kuma da ya kai fayil ɗin PAT cikin Revit, wata manhajar zanen gini, girman bai yi daidai ba. Daga wani injiniya.

Amsa: Injiniya, fayil ɗin DWG, wato fayil ɗin zanen AutoCAD da ka tura masa, yana ɗauke da siffar ciken kamar yadda ka bar shi, shi ya sa yake gani. Gyara sikeli kuwa yana sa manhajar ta koma neman asalin bayanin, shi kuma yana kwamfutarka. Tura masa fayil ɗin PAT ya ajiye a foldar da manhajarsa ke dubawa. Ku tabbatar kuma ba shi da wani zane mai suna iri ɗaya, domin wanda aka fara cin karo da shi ake ɗauka, kuma babban fayil ake fara dubawa. Saboda haka kada ka sa wa naka suna irin BRICK da ke can tun asali.

Revit tana karanta tsarin nan, amma tana neman ƙarin bayani biyu da AutoCAD ke tsallakewa tunda da waƙafi mai ruwa suke farawa. A saman fayil ɗin ka rubuta ;%UNITS=MM don ta san milimita kake nufi. A ƙarƙashin sadarar suna kuma ka sa ;%TYPE=MODEL idan zanen na abu ne mai ainihin girma kamar bulo ko tayil, wanda zai girma ya ƙanƙance tare da ginin. Idan alama ce kawai da ake so ta riƙe girma ɗaya a takarda, kamar layukan da ke nuna an yanka kankare, sai ka sa ;%TYPE=DRAFTING. Wajen shigarwa kuma ya bar sikelin a kan 1 idan ainihin ma'auni ka rubuta.